Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Layin Waya da Data ga Ɗan Kasuwar da Zai Fita Waje

Da yawanmu a nan foli ƙafa biyu gare mu, ɗaya a aji, ɗaya a kasuwa. Ana tashi daga lacca wani sai Kwari, wani Kurmi, wani Ƙofar Wambai, wani kuma Farm Centre. Duk wanda ya fito daga gidan 'yan kasuwa a cikin gari ya san cewa tun ranar da aka ce ya shiga foli, shi ke nan ya zama injiniyan wayar gidan. Ranar da Alhaji zai tafi Guangzhou, ko Hajiya za ta Dubai saro kaya, kai za a miƙa wa waya a ce, "Ungo, saita min ita." Gobe kuma idan an karɓi difloma, wataƙila kai ɗin za a tura.

Darasin namu na wannan fitowa a kan wannan saitin yake. Jigonsa guda ɗaya ne: layinka na gida aikinsa daban, datar da za ka yi aiki da ita a can aikinta daban. Wanda ya ɗora wa layi ɗaya aikin biyu, ko dai kuɗinsa su ƙone, ko kuma ya tsaya gaban mai kaya ya kasa biya. Kuma kusan duk shirin a nan Kano ake yin sa, kafin a kama hanyar filin jirgi.

Daga wasiƙar ayari zuwa lambar banki

Neman labarin gida a bakin fatauci tsohon abu ne a garin nan. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Fataken da suke zuwa Gwanja saro goro sukan yi watanni a hanya, kuma labarinsu ba ya isowa gida sai an gamu da ayarin da yake dawowa, a ba shi saƙon baka ko wasiƙar ajami. Haka Larabawan da suka zauna a Dandalin Turawa suke jiran wasiƙun Gadamas da Tarabulus ta bayan raƙumi.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001. Daga nan zuwa yau aikin waya ya wuce gaisuwa. Ɗan kasuwa yana tsaye a shago a ƙasar Sin zai ɗauki hoton samfur ya turo wa abokan cinikinsa a Kwari, su zaɓi kala, su turo kuɗi, ya ga alat, ya yi magana da ɗan canji a Wapa, ya biya mai kaya, ya tura wa ejan kago hoton rasit. Duk wannan cikin awa biyu. Idan waya ta tsaya a ko'ina cikin wannan sarƙa, ciniki ya tsaya, alhali kuɗin otal da kwanakin biza suna tafiya.

Me yake faruwa idan layinka ya tsallaka iyaka?

Kowane sim yana ɗauke da wata lamba ta ɓoye mai alƙaluma 15, daban da lambar da ake kiran ka da ita. Ukun farko su ne shaidar ƙasa, kuma ta Najeriya 621 ce. Biyun da suke bi musu su ne shaidar kamfani. Idan ka sauka a Jidda ka kunna waya, turken sabis na can zai ga 621, ya gane baƙo ne daga Najeriya. Sai ya tambayi kamfaninka na gida: kun san wannan, kuma kun yarda a yi masa hidima? Idan akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu, kuma an buɗe maka hanyar, sai sabis ya kawo. Wannan shi ne abin da kamfanonin waya suke kira romin.

Fataken da suna da abin da ya yi kama da haka. Idan ayari ya isa Salaga, akwai fatoma, wato mai masaukin da zai sauke ka, ya tsaya maka a ciniki, ya ɗauki la'adarsa. Kamfanin can shi ne mai masaukin layinka. Zai yi maka hidima, ya rubuta lissafi ya aika wa kamfaninka na gida, su kuma su ɗora ribarsu su cire daga katinka. Wannan lissafi tsakanin kamfanoni da kuɗin waje ake yin sa. Shi ya sa duk sanda naira ta faɗi, romin yakan ƙara tsada.

Akwai abubuwa uku da suka biyo bayan wannan, kuma ku riƙe su da kyau.

Na ɗaya, a romin har amsa kira ana biya. A gida mai kira ne kawai yake biya, amma a waje kai ma da ka ɗaga ana cire maka.

Na biyu, karɓar saƙon tes galibi kyauta ne. Wannan ne ya sa layin gida yake da amfani a can ko da ba ka taɓa kira da shi ba.

Na uku, datar romin yawanci sai ta biyo ta kamfaninka na gida kafin ta fita intanet. Wato kana Guangzhou, amma buƙatarka sai ta zo Najeriya ta juya. Shi ya sa takan ɗan yi nauyi, kuma shi ya sa shafukan intanet suke ganin ka kamar kana gida. Wannan zai yi mana amfani idan mun zo maganar ƙasar Sin.

Layin gida mukullin banki ne

Tun Disambar 2020 da aka fara haɗa layi da lambar NIN, layin mutum ya zama wani ɓangare na shaidarsa. Da shi aka buɗe asusun banki, a kansa alat yake shigowa, a kansa ake turo lambar OTP, kuma da shi aka yi rajistar WhatsApp ɗin da duk kwastomomi suka sani. To a tafiya aikinsa ke nan: ya zauna a cikin waya, a kunne, yana karɓar saƙo. Kada a sa shi ɗaukar data sai in dole.

Kafin tafiya sai a tabbatar da abubuwa kaɗan. A kira 300, wadda ita ce lambar kula da abokan hulɗa ta duk kamfanoni tun da hukumar NCC ta daidaita gajerun lambobi a 2023, ko a je ofishinsu, a tambaya: shin romin a buɗe yake a wannan layin, kuma da wane kamfani kuke hulɗa a ƙasar da za ni? A bar kuɗin kira a ciki, don wani layin ba ya kama sabis a waje idan babu komai a kansa. A kuma sani cewa lambobin tauraro da muke dannawa mu tura kuɗi sau da yawa ba sa aiki a waje. Saboda haka manhajar banki za a dogara da ita. A sauke ta, a shiga, a yi tiransifa ko ta naira 100 ce don gwaji, duk a nan gida, kuma a kan wayar da za a tafi da ita. Manhajar banki idan ta ga sabuwar waya sai ta nemi tantancewa, kuma ba a son wannan tantancewar ta same ka a baƙon wuri. Wanda yake juya manyan kuɗi ya tambayi bankinsa batun tokin, 'yar na'urar nan ko manhajar da take fitar da lamba ba sai an turo tes ba.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu yi wa iyayenmu bayani a kanta cikin ladabi. Wasu sukan bar layin gida a hannun yaron kanti, in an turo lamba sai ya karanto musu. Maganar ba ta zargin kowa ba ce. Amma duk mun san yadda ƙwacen waya yake a garin nan. Idan aka fizge wayar da layin maigida yake ciki, shi kuma yana wata ƙasa, wa zai je ya dawo da layin? Dawo da layi sai mai shi ya je da kansa an tantance shi. Kafin ya dawo kuwa, mai layin a hannu shi yake karɓar lambobin banki. Layi ya bi mai shi, kuma a sa masa lambar kulle ta sim. Sai dai a kiyaye: kuskure uku yana rufe shi sai da lambar PUK, wadda take jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. A rubuta PUK a takarda a haɗa da fasfo.

Batun WhatsApp kuma yana ruɗa mutane da yawa. WhatsApp ba ruwansa da layin da yake ba shi data. Ko ka sa sim na Dubai ko na Kwatano, lambarka ta Najeriya tana nan a kai. Idan ya tambaye ka ko za ka canja lamba, ka ce a'a. Kada ka goge shi, kada ka sauya waya a can. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda ake sa wa lamba shida, tun kana gida.

Hanyoyi huɗu na samun data

Hanya ta farko ita ce sayen ƙunshin romin daga kamfaninka, MTN ne ko Airtel ko Glo. Daɗinta shi ne kana sauka kana kan layi, ba ka neman shago, ba ka jin yaren kowa. Illarta tsada, kuma kowane ƙunshi yana da jerin ƙasashe da kamfanonin da yake aiki a kansu. Idan waya ta kama wani kamfanin da ba ya cikin jerin, ko ƙunshin ya ƙare, sai a koma cirewa daga kati a farashin kowane MB, wanda a nan ne ake kuka. Ta fi dacewa da tafiyar kwana biyu ko uku, ko a matsayin gada ta ranar sauka.

Hanya ta biyu ita ce sayen sim na ƙasar. Ita ce mafi araha ga mai yin mako guda zuwa sama, kuma tana ba ka lambar gida da direba, mai otal da ejan kago za su kira ka a kai. Ana buƙatar fasfo, wani wurin har da hoto ko yatsa. Ka saya a shagon kamfani da sunanka. Sim ɗin da wani ya miƙo maka a bakin titi da rajistar wani, in an rufe shi ba ka da bakin magana, in kuma an taɓa aikata laifi da shi kai za a kama da shi a hannu.

Hanya ta uku ita ce eSIM, wato sim ɗin da ba a riƙe shi a hannu, ana sauke shi cikin waya ta hanyar haska wata alamar QR. Akwai kamfanoni irin su Airalo da Holafly da suke sayar da na tafiya. Za ka iya saya kana zaune a Yakasai, ya fara aiki idan ka sauka. Amma sai wayar tana ɗauka. Danna *#06#. Idan ka ga wata doguwar lamba mai suna EID ban da IMEI, to tana ɗauka. iPhone daga XS na 2018 zuwa sama yawanci suna da shi, ban da akasarin waɗanda aka yi don kasuwar Sin, masu ramin sim biyu. Yawancin Tecno, Infinix da itel da muke riƙewa ba su da shi. Sannan irin wannan eSIM galibi data ce zalla, babu lambar kira, kuma da kuɗin waje ake biya, don haka a fara tambayar banki ko katin yana saye a shafukan waje.

Hanya ta huɗu ita ce wayfai na otal da filin jirgi. Wannan ƙari ne, ba a gina tafiya a kansa, tunda ba ya bin ka kasuwa. Amfaninsa tura manyan bidiyo da daddare, da kuma awannin jira a Adis Ababa, Alƙahira ko Doha ga masu canjin jirgi.

Kafin duk wannan akwai gwaji ɗaya ga masu wayar hannu ta biyu. Wasu wayoyin da ake kawowa daga Amurka ko Ingila a ɗaure suke da kamfani ɗaya, an yi musu dabara ne kawai suka karɓi layin nan. A gwada layin kamfanoni biyu daban a ciki tun a gida. In ta ƙi ɗaya, to da wuya ta karɓi na can.

Tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne waya mai sim biyu: layin gida a ɗaya, an kashe masa data romin, layin can a ɗayan, an zaɓe shi a matsayin mai ba da data. Idan wayar tana da maɓallin da yake ba ta damar sauya layin data da kanta in sabis ya yi rauni, a kashe shi, don ta nan ne kati yake zurarewa ba a sani ba.

Kowace ƙasa da halinta

Ƙasar Sin ita ce ta fi buƙatar shiri. A can WhatsApp, Facebook, YouTube da duk hidimomin Google, har da Gmail da Play Store, a toshe suke. Idan ka sayi sim na China Mobile, China Unicom ko China Telecom, ko ka hau wayfai na otal, ka shiga ƙarƙashin wannan toshewar. Amma ku tuna abin da muka ce, datar romin ta gida take biyowa. Shi ya sa mai romin da layin Najeriya, ko mai eSIM na tafiya da yake fita ta Hong Kong ko Singafo, yawanci WhatsApp ɗinsa yana aiki. Ga ɗan kasuwar da duk kwastomominsa a WhatsApp suke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Su kuma masu kaya a can WeChat suke amfani da shi, biyan kuɗin mota da abinci kuma da WeChat Pay ko Alipay. Duk a sauke su a yi rajista tun a Kano, tare da manhajar taswira ta can irin su Amap, da manhajar fassara da aka sauke mata harshen Sinanci don ta yi aiki ba data. Masu zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, a wajen Afrilu da Oktoba, su riƙe adireshin otal ɗinsu da rubutun Sinanci a hoto da kuma a takarda. Batun VPN kuwa, dokar ƙasar ta taƙaita shi, kuma baƙo ba ya wasa da dokar gari.

A Dubai manyan kamfanoni biyu ne, Etisalat da du. Saƙon WhatsApp, hoto da saƙon murya duk suna tafiya, amma kiran WhatsApp yawanci ba ya shiga a layin can. Akwai manhajojin da aka amince da su, kamar Botim. Abin lura shi ne sai wanda za a kira ma yana da ita. Don haka kafin Hajiya ta tafi, a sa wa mutanen gida da na shago.

A Saudiyya akwai STC, Mobily da Zain. Ana rajista da fasfo da biza, a kuma ɗauki yatsa. Mai haɗa Umra da sayayya a Jidda yana buƙatar data har don ibadarsa, tunda izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nema.

A Turkiyya wayar da aka shigo da ita daga waje, idan aka sa mata layin ƙasar, tana da kwana 120 kafin a rufe ta sai an yi mata rajista an biya haraji. Mai zuwa Istanbul sau da yawa a shekara da waya ɗaya ya riƙa lissafin kwanakinsa.

Sai maƙwabta. Mutum zai zaci tunda Maraɗi ta fi Legas kusa da Kano nesa ba kusa ba, layinsa zai yi aiki kamar a gida. Ba haka ba ne, romin romin ne. An yi ƙoƙarin sauƙaƙa shi. Kamfanin Celtel ya fara tsarin layi ɗaya a gabashin Afirka a 2006, ya faɗaɗa shi zuwa Najeriya da Nijar a 2007. ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin romin a Disambar 2017, amma aiwatarwa sai ƙasa da ƙasa sun daidaita, kamar yadda Ghana da Kwaddibuwa suka yi a 2023. Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ƙasashen Tarayyar Turai dai sun soke ƙarin kuɗin romin a tsakaninsu tun 15 ga Yuni, 2017, mu har yanzu muna hanya. Saboda haka mai yawan zuwa Maraɗi, Damagaram ko Yamai gara ya mallaki layin Airtel Niger, Moov Africa ko Zamani da sunansa. Mai zuwa Kwatano ya sani tun ƙarshen Nuwambar 2024 lambobin Benin sun koma alƙaluma 10, an ƙara 01 a gaba, don haka tsofaffin lambobin da ke wayarsa sai an gyara. A garuruwan iyaka kuma irin su Jibiya, Maigatari, Kongolam da Illela, waya takan kama sabis ɗin Nijar tun mutum bai tsallaka ba. Maganinsa a shiga saiti a zaɓi kamfani da hannu.

Mu yi lissafi

Tambayar da ake yawan yi ita ce, GB nawa zan saya? Bari mu ƙaddara tafiyar kwana 10, da ƙiyasin aikin yini ɗaya. Kiran murya na minti 60, mu ba kowane minti 1MB don a samu rara, 60MB ke nan. Kiran bidiyo na minti 20 don nuna kaya, a kan 5MB kowane minti, 100MB. Hotuna 40, mu ce 10MB. Gajerun bidiyo 10 a kan 8MB kowane, 80MB. Taswira, fassara, banki da saƙonni, 50MB. Jimla 300MB a yini, wato 3,000MB a kwana 10, kusan 3GB. A ƙara rabin haka saboda abin da ba a zata ba, sai a sayi 5GB. Waɗannan alƙaluma na misali ne. Na gaskiya suna cikin wayarka: shiga saiti, wajen amfani da data, za ka ga abin da kowace manhaja ta ci a wata.

Yanzu ku gwada wannan 3,000MB ɗin a farashin da ba na ƙunshi ba. Mu ƙaddara naira 20 ce kowane MB, naira 60,000 ke nan. In naira 200 ce, naira 600,000. Kun ga dalilin da ya sa ake tambayar farashin kowane MB kafin a taɓa maɓallin data romin.

Abin da yake cinye data ba ciniki ba ne, abubuwan da waya take yi a ɓoye ne. A kashe sabunta manhajoji sai a wayfai. A kashe kwafe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud. A hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, musamman ga wanda yake cikin guruf talatin. TikTok kuma na awa ɗaya zai iya cin abin da ciniki bai ci a yini ba.

Lokaci, wuta da tsaro

Sin tana gaban Najeriya da awa 7, Dubai da 3, Saudiyya da Turkiyya da 2. Nijar da Benin lokacinmu ɗaya, Ghana da Togo suna bayanmu da awa 1. Ƙarfe 9 na safe a Guangzhou, 2 na dare ne a Kano. Sanda ake buɗe shaguna a Kwari wajen 10 na safe, can 5 na yamma ta yi, an fara shirin tashi. Don haka mai hikima yakan turo hotuna da farashi da yammar can, mutanen gida su yanke shawara da ranarsu, ya wayi gari da amsa.

Data ba ta da amfani in waya ta mutu. Soket ɗin Dubai da na yawancin wurare a Saudiyya irin namu ne mai baki uku, na Nijar, Benin da Togo mai baki biyu zagayayye, na Sin kuma daban, don haka a sayi adafta. Fawa banki a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a kayan awo, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Lissafinsa: mAh sau 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74Wh, ya wuce. Mai 30,000 ya zama 111Wh, ya haura. A jiragen cikin gida na Sin, tun Yunin 2025, sai mai tambarin CCC ake bari.

A wajen tsaro kuma, kada a buɗe manhajar banki a wayfai na jama'a, a yi da datar sim. Kada a karanta wa kowa lambar OTP ko ta WhatsApp, ko da ya ce daga banki ne. Idan saƙo ya zo cewa mai kaya ya canja asusun da za a biya shi, a tsaya a tabbatar baki da baki. Mutanen gida ma a gaya musu: in an turo saƙo da sunan matafiyi ana neman kuɗi cikin gaggawa, sai sun ji muryarsa.

Jerin shiri a taƙaice

Saura mako guda: a tabbatar da romin, a gwada wayar da layi biyu, a duba EID, a sauke manhajoji, a gwada banki. A gyara duk lambobin waya su fara da +234 a cire sifilin farko, don lambar da ta fara da 080 ba ta shiga daga waje.

Saura kwana ɗaya: a sayi ƙunshi ko eSIM, a kashe data romin a layin gida, a rubuta muhimman lambobi biyar da adireshin masauki a takarda, a sa allurar cire sim a jaka.

Bayan sauka: a jira sabis ya kawo a layin gida, in ya ƙi a zaɓi kamfani da hannu. A sa wani a gida ya turo tes don gwaji. Sannan a nemi sim na can.

Mai daɗewa a waje kuma ya riƙa ɗan amfani da layin gida lokaci zuwa lokaci, don layin da ya yi wata shida ba a mora ba ana iya rufe shi, in abin ya yi nisa har a ba wani lambar.

Kammalawa

Wannan ilimi ba ya cikin manhajar karatunmu, amma yana cikin abin da za a auna mu da shi a gida da kasuwa. Ɗalibin da ya iya shi zai tsare wa iyayensa dukiya, kuma abin sana'a ne ga mai neman na kansa, tunda kullum jirgi yana tashi daga filin Malam Aminu Kano da mutanen da suke buƙatar a saita musu waya.

Ga aikin gida. Ɗauki wayarka yau ka danna *#06#, ka duba abin da WhatsApp ya ci maka a watan jiya, ka nemo inda maɓallin data romin yake. Sannan ka zaɓi ƙasa ɗaya da wani naka yake zuwa, ka kira 300 ka tambayi farashin kowane MB a can, ka yi lissafin kwana 10. Abin da ya fito ka kai wa Alhaji a rubuce.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su da alheri. Wassalam.